Ɗinkin da na ajiye tun 1985: in ƙarasa ko in haƙura?

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 55, ina zaune a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura, jihar Jigawa. Ina aji uku a makarantar kwana ta 'yan mata, a 1985, wata malamarmu 'yar Indiya ta koya mana ɗinkin gicciye, wanda ake ƙirga gidajen yadi ana gitta zare a kowane gida. Na fara wani ƙyalle mai tsawon kamu biyu, dagi a tsakiya, fure a kowace kusurwa. Na gama dagin da fure biyu, na kai rabin na uku, sai aka cire ni aka yi mini aure. Ƙyalle ya shiga adaka. Bara Allah ya yi wa maigidanmu rasuwa. Kwanan nan ina fito da kaya saboda bikin autata da za a yi bayan kaka, sai ga shi, allurar na soke a jiki ta yi tsatsa. Takardar zanen ta ɓace, zaren saura kaɗan. Na gwada da daddare, ido ya ƙi, kai ya yi ta sara, abin da na ɗinka duk ya karkace. Abokiyar zamana ta ce da girmana carbi ya kamata in riƙe, ba wasan 'yan makaranta ba. Kuma duk sanda na buɗe shi sai kuka ya zo mini. Saura wata biyu biki. In warware in sake daga farko? In matsa in gama in sa wa yarinya a kayan ɗaki? Ko in ba jikoki su yi wa 'yar tsana zane da shi?

Daga wata baiwar Allah, Taura.

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya jiƙan Malam, ya kyautata makwancinsa, ya ƙara muku haƙuri. Allah ya kai mu bikin auta lafiya.

Hanya uku kika kawo mini, ni kuwa ba wadda zan ɗora ki a kai. Kada ki warware, kada ki ba yara, kada kuma ki ɗaura wa kanki gama shi kafin biki. Ki ci gaba da ɗinkinki, amma ki raba shi da ranar ɗaurin aure.

Zo mu yi lissafi ki gani. Yadin da ake wannan ɗinki a kai, wanda masu sayarwa ke kira Aida, yana zuwa da lamba: 11, 14 ko 18, wato yawan gidajen da ke cikin inci ɗaya. Ari tef ɗin tela ki auna naki. A ce 14 ne. Furen da ya kai faɗin tafin hannu, inci huɗu tsaye huɗu kwance, yana zaune a kan gida 3,136. Ko rabinsu kawai zare ya rufe, kin ga wajen gicciye 1,500 ke nan a fure ɗaya, ke kuma fure ɗaya da rabi ya rage miki. Idan kina yin hamsin a yini, ba fashi ko na rana ɗaya, kwana arba'in da biyar ne. A kan takarda sai ki ce ai zai yiwu. To amma ba ki da gilashi tukuna, ba ki da zare, ba ki da zanen da za ki bi. Ga kaka ta shigo: a tuge gyaɗa, a kakkaɓe riɗi, a yi sussuka, a ɓare zoɓo. Ga ki uwar amarya, ke ce ta alkaki da nakiya da dubulan, ke ce ta lissafin kwanuka da labule, ke ce ta tarbar duk wadda ta shigo taya murna ta zauna har la'asar. A irin wannan gida wa zai bar ki ki ƙirga gida goma sha huɗu ba a kira sunanki ba? Abin da zai faru shi ne ki koma ɗinkin dare da fitila, ki yi ta kuskure kina warwarewa, biki ya zo ƙyalle bai ƙare ba, ki mayar da shi adaka da haushi. Wancan karon cire ki aka yi daga kansa. Wannan karon ke za ki tsane shi da kanki, kuma ba na jin zai sake fitowa.

Wani abin kuma, ki yi haƙuri da ni: amaryar yanzu za ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, sannan ta shimfiɗa shi a ƙarƙashin talabijin, ko ta ninke shi a ƙasan akwati. Ba rashin kirki ba ne. Idonta na kan zanen gadon Kantin Kwari mai sheƙi, kuma ba ta san abin da wannan ƙyalle ya ci ba. Ranar da ta haihu ta fara sanin zafin uwa, ranar ce za ki iya miƙa mata, in kin ga dama. In ba ki ga dama ba, naki ne.

Ido za ki fara nema wa magani, kafin zare, kafin komai. Abin da ya same ki ba wata cuta ba ce ta daban. Daga wajen shekara 40 zuwa 45 madubin da ke cikin ido yana fara tauri, gani kusa ya riƙa wuya, shi ya sa za ki ga mutum yana miƙa takarda nesa da fuska kafin ya karanta. Gilashin karatu ke gyara wannan. Lambobinsa sukan tashi daga +1.00 zuwa +3.00, kuma masu shekarunki galibi wajen +2.00 ko +2.50 suke faɗawa. Ana samunsa a tire a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, na sani, amma na fi so a fara duba ki a asibiti, ko a Ringim, ko asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko asibitin ido na ECWA da ke Sabon Garin Kano idan hanya ta kai ki. Dalilina shi ne a shekarunki akwai yanar ido, akwai ciwon suga da ke taɓa ido, akwai hawan jinin ido da ke cin gani daga gefe shiru ba ciwo, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Mai tire ba zai gano miki ko ɗaya ba. Ki tafi da ƙyallen da allura a jakarki, ki gwada gilashin a kansu a daidai nisan da kike riƙe ɗinki, don ba lallai ya zo ɗaya da nisan karatu ba. Idan an ce yana ce, ki bari a yi aikin a asibiti. Masu zagaya ƙauyuka suna kwantar da yana da tsinke, tura madubin idon kawai suke yi ya faɗa ciki, kuma sun makantar da mutane da yawa.

Ki bar ɗinkin dare. Hantsi ne lokacinki, bayan an sauke tukunyar safe, a bakin rumfa ko gindin darbejiya, inda haske ya wadata amma rana ba ta dukan yadin. Ki ɗora baƙin zane a cinyarki a ƙarƙashin farin ƙyallen, za ki ga hudojin sun fito tar. Rabin awa, ki ɗaga kai ki kalli nesa, ki miƙe wuya.

Shi kuma ƙyallen, kafin ki sa masa ruwa, wani yaro ya ɗauki hotonsa a waya, gaba da baya, kusa-kusa. Sannan ki kama gefen da babu ɗinki ki ɗan ja da yatsu. In ya tsaya, alhamdu lillahi. In kin ji ya yi ɓarr ya yage, akwai wata magana, zan zo kanta. Ki jiƙa wani farin ƙyalle daban ki danna a bayan jan zaren na ɗan lokaci, don ja shi ya fi zuba. Idan bai bar launi ba, ki wanke a ruwan sanyi mai tsabta da ɗan sabulun wanka mara kala, ki riƙa dannawa da tafin hannu, ban da cuɗa, ban da murɗa, ban da bula. Ki naɗe shi a tawul ki matse ruwan, ki shanya a kwance a inuwa. Idan ya bar launi, ki haƙura da jiƙawa, ki kakkaɓe ƙura kawai. Tabon tsatsa kuwa, ki ɗiga ruwan lemon tsami a daidai wurin, ki barbaɗa gishiri, ya ɗan sha rana, ki ɗauraye sosai, kada ya taɓa zare mai launi. Kada wata ta ce ki sa Hypo, ƙara kama tsatsar zai yi ya kuma cinye zaren. Guga a kife ake yi, fuskar ɗinkin a kan tawul, farin zane a sama, musamman in dutsen gawayi ne mai zubar da toka.

Ɓatan takardar zane kada ya dame ki, domin a aikinki zanen yana nan a jikin ƙyallen. Kin gama fure biyu, su ne takardarki. Ki sayi littafin lissafi na 'yan firamare mai gida-gida. Gida ɗaya na littafi, gicciye ɗaya na yadi. Ki zaunar da jikarki mai kaifin ido, tana ƙirga miki layi-layi, ja uku, fari biyu, kore biyar, ke kina sa alama: ja ɗigo, kore gicciye, ruwan ɗorawa da'ira. Aikin hantsi biyu ne ko uku. Ki lura kawai ko furannin suna kallon juna ne, don in haka ne na huɗu zai zama juyin na kusa da shi. Ki tsayar da ƙaramin madubi a tsakiyar ƙyallen, zai nuna miki yadda juyin zai kasance. Kafin ki soke allura a kusurwar da babu komai, ki ƙirga gida nawa ne daga bakin dagi zuwa farkon fure a kusurwar da kika gama, ki ƙirga irinsa a sabuwar, ki sake ƙirgawa. Ki ja farin zaren tela dogo-dogo bayan kowane gida goma ya zama miki alama, in kin gama ki zare shi. Kuskuren gida ɗaya a farko shi ke karkatar da fure gaba ɗaya, kuma ina zargin shi ne ya same ki a daren nan, ba hannunki ne ya mutu ba.

Zare ne zai ɗan ba ki wahala. Na wannan ɗinki auduga ne mai sili shida, ana raba shi a ɗauki biyu a yadi mai lamba 14. Sanannun kamfanoninsa biyu ne, DMC na Faransa da Anchor, ƙulli ɗaya mita takwas, kowane launi da lambarsa a 'yar takardar da ke ɗaure da shi. A DMC, alal misali, baƙi 310 ne, ja na sosai 321. Ki duba ƙasan adaka ko 'yan takardun nan suna nan. In babu, ki yanko ɗan guntu daga kowane launi ki lanƙaya a farar takarda, ki ba mai zuwa Kano ya kai wa masu kayan ɗinki a kasuwar Sabon Gari, ya gwada a hasken rana a ƙofar shago, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Ki ce ya sayo da rara. Amma ki sa a ranki tun yanzu, ko lamba ta zo ɗaya, jan da ya shekara arba'in a adaka ba zai yi daidai da jan bana ba. Dabarar ita ce kada ki canza zare a tsakiyar ganye ɗaya. Ki ƙarasa ganyen da kike ciki da ragowar tsohon, ki fara sabo a sabon ganye. Inda dole su haɗu, ki haɗa sili ɗaya tsoho da ɗaya sabo a allura, ido ba zai kama mahaɗin ba. Tsohon ma ki ja shi tukuna, in yana tsinkewa ya gama aiki. Zare mai sheƙi irin na wasu huluna yana da kyau a wurinsa, amma a gefen audugar nan zai yi tsawa.

Allura mai dakusasshen baki da babban ido ake so, lamba 24, don ta bi huda ba ta fasa yadi ba. In ba a samu ba, ki goga bakin allurar gida a dutsen wasa wuƙa har ya dakushe. Zare kada ya wuce kamu ɗaya, kuma ba a ƙulli, ana cusa wutsiyar a ƙarƙashin ɗinki uku ko huɗu ta baya. In kin tashi ki zare allurar daga jikin yadin, kin dai ga abin da ta yi miki. Hunturu na tafe, kaushi yana kama zare ya tsittsinke shi, sai ki riƙa shafa man kaɗe da dare, ki wanke hannu da sabulu kafin ki zauna. Makon biki kuwa, da lalle ɗanye a hannu da manja a ko'ina, ki sa shi a farar rigar filo ki kulle.

Yanzu maganar warwarewa, wadda ita ce ta fi tsaya mini a wasiƙarki. Ta fuskar aiki ma ba ta da riba. Zaren da ya zauna shekara arba'in ya buɗa hudojinsa ya bar inuwar launinsa, in kin cire za ki samu yadi mai tabo mai rauni. Abin da kika ɗinka da daddaren nan shi kaɗai za ki cire. Sauran ki zauna ki dube shi da kyau, ki ga ta wane ɓangare zaren sama ya kwanta, daga dama zuwa hagu ne ko akasi, ki bi shi haka har ƙarshe, don shi ke sa ɗinki ya yi bai ɗaya in haske ya faɗa masa. Ki samu guntun buhun algarara da ulu ki yi layi biyar-shida a kai na 'yan kwanaki, hannu zai tuna. Duk da haka ɗinkinki na yau ba zai zo ɗaya da na da ba. Ƙila na yarinyar ya fi matsewa, don a tsorace take ja, malama na tsaye a kanta. Ƙila naki ya fi laushi. Wanda ya san ɗinki zai gane hannu biyu ne, kuma ni ban ga abin ɓoyewa a nan ba.

In lissafina ya yi daidai, ke 'yar farkon UPE ce, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, waɗanda aka kwasa aka sa a aji ɗaya a 1976 zamanin Obasanjo, lokacin Taura tana cikin jihar Kano, don sai 1991 aka yi Jigawa. Yarinyar ƙauye da ta kai aji uku a makarantar kwana a wancan lokaci ba ƙaramar yarinya ba ce wajen ƙwaƙwalwa. Kin san haka, shi ya sa kike kuka. Shekara arba'in ba ki samu sukunin yin wannan kukan ba, daga goyo sai girki sai jinya, yanzu gida ya yi shiru ya same ki a zaune. Ga na Malam kuma ya haɗu da shi. Ba sai kin ga laifin iyayen da suka aurar da ke ba, sun yi abin da suka ga daidai a zamaninsu, kuma auren ya ba ki 'ya'ya da jikoki. Amma wannan bai hana ki jin ciwon abin da aka katse ba, kuma jin ciwon ba butulci ba ne. In kukan ya zo, ki ajiye allura ki yi shi, ki wanke fuska, in da sauran hantsi ki ɗauka. Yawanci yana raguwa da kansa idan ƙyallen ya zama abin taɓawa kullum. In kuwa kin ga ya haɗa da rashin barci da ƙin abinci da ƙin shiga mutane har makonni, wannan ya wuce na ƙyalle, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ranar da kika je duba ido. Idan kuma karatun ne kansa ke kiranki, akwai azuzuwan ilimin manya na mata. Kano ta kafa hukumarsu tun 1980 zamanin Abubakar Rimi, Jigawa ma tana da tata. Ki sa ɗanki ya tambayo miki a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Abokiyar zamanki kuwa, kada ki ba ta amsa. Yaushe aikin hannu ya zama wasan yara a ƙasar Hausa? Kakanninmu har haƙora suka zube suna zaune da mazari da tasko da alli suna kaɗi, wasu na saƙar faifai, wasu na hula, baki na salati hannu na aiki, ba wanda ya ce girma ya faɗi. Nana Zainabu 'yar Jahshu, matar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aikin hannu aka san ta, tana jima tana ɗinkin fata tana sadaka da abin da ta samu. Allura ba ta hana carbi. Amma ki tuna ita ma mijin nan ta rasa, ita ma shirun gidan na damun ta, kuma ke kin samu abin da zai ɗauke miki hankali, ita ba ta samu ba. Wata rana ki ce, don Allah riƙe mini bakin zaren nan in raba shi. Sili shida ba ya rabuwa da daɗi da hannu biyu, gaskiya ce kuma ba dabara kaɗai ba. In ta riƙe, to. In ta yi tsaki, kin fita.

Saura abin da na ce zan dawo kansa. Idan kin ja yadin ya yage, kada ki zuba masa sabon aiki, ba zai ɗauka ba. Ki kai wa tela mai hankali ya yanko dagin da furannin da suka kammala, ya sa musu shafi da farin yadi a baya, ya ɗinka su a rigar matashi, ko a sa dagin a firam mai gilashi ki rataye a ɗakinki. Rabin furen ma kada a yar, a haɗa da shi. In har yanzu hannu na ƙaiƙayi, sai ki sa a sayo miki sabon yadi mai lamba 11, wanda gidajensa suka fi girma, ki ɗora zanen da ke cikin littafin lissafin nan.

Auta kuma, in kin riga kin yi mata alkawari, ki kira ta yau ki ce ba zai shiga kayan jere ba, kada ta sa rai. Ki sayo mata zanen gadonta a Kwari kamar kowa. Ki rubuto mini bayan an duba idon, in ji lambar gilashin da abin da likita ya ce.